Ba salularmu ce ta tsufa ba

Masu rubuta manhaja, kullum sai ku ce mu sayi sabuwar salula. Da wane kuɗi? Manomin Gazawa da ke biyan kuɗin caji wajen mai sola, shi zai ɗauki nauyin kasalarku?

Kwamfaila ita ce tafintar da ke juya rubutunku zuwa harshen na'ura. Tana sheƙe ƙaiƙayi: ta zubar da layin da ba ya aiki, ta gama lissafin da amsarsa sananniya ce. GCC na nan tun 1987, kyauta, kuma umarnin -Os na rage girman manhaja.

Ku inganta wannan shiƙar, ku gwada aikinku a ƙaramar salula irin ta kasuwar Gidan Rumji. In jaki ya durƙushe, kayansa ake dubawa.