Masu Gadin Akushin Jama'a: Wa Ke Ciyar Da Su?

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Zuba ta nufi Kubwa da sanyin asuba, in ya iso Dei-Dei zai tarar gari ya daɗe da wayewa a can. Manyan motoci sun kwana suna tafe daga Kano da Katsina da Filato da sauran jihohin Arewa, waɗansu ɗauke da kwandunan tumatir da tattasai da attaruhu, waɗansu da buhunan albasa, waɗansu kuma da shanu da awaki zuwa kara. 'Yan dako na saukewa, dillalai na ciniki, mahauta na jan dabbobi zuwa mayanka. Kafin azahar, abin da aka sauke a nan ya shiga tukwanen gidaje da na masu sayar da abinci a sassa da yawa na babban birnin ƙasa.

Matar da ta zo cefane tana iya taya kwando, tana iya matsa tumatir ta ji taurinsa. Amma ba ta da ikon sanin irin maganin da aka fesa masa a gona, ko kwana nawa aka yi tsakanin feshi da tsinka. Haka mai sayen wake ba ya iya gane abin da aka barbaɗa wa buhu don kada ƙwari su ci. Idon mai saye yana da iyaka. Daga inda ya tsaya, nan aikin hukuma ya kamata ya soma, nan kuma ake bukatar ƙungiyoyin da za su riƙa tuna wa hukuma aikinta.

GIRMAN AL'AMARIN

Maganar ba ƙarama ba ce. Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda cin gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu kuwa ba sa tashi. A Afirka kaɗai mutum miliyan 91 ke kwanciya, 137,000 ke rasuwa. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ne suka fi shan wuya.

Nijeriya ta ga nata rabon. Cikin Yuni 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga ƙasar nan, domin an sami maganin ƙwari irin wanda ake haɗa fiya-fiya da shi ya zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba. An sake tsawaita hanin cikin 2016, aka kuma ƙara cikin 2019. Abin tambaya a nan shi ne, waken da Bature ya ce ba zai ci ba, wa ya cinye shi? Cikin 2019 hukumar NAFDAC ta hana baje kolin maganin Sniper a kasuwanni da kantuna, bayan an sha kokawa da yadda ake zuba shi a hatsi da busasshen kifi. Cikin Maris 2021 kuma mutanen Kano sun ga tashin hankali, sa'ad da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti bayan sun sha abin sha da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami, har aka rasa rayuka.

Wannan gefe ɗaya ke nan. Ɗaya gefen shi ne na yaron da bai sami abincin da zai gina masa jiki ba. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Da aka sake binciken cikin 2023 zuwa 2024, sai adadin ya hau zuwa kashi 40. Jihohin da ke aiko wa Dei-Dei da abinci su ne kuwa a sahun gaba wajen wannan masifa. Mai noma abincin birni, ɗansa na fama da tamowa.

AIKIN ƘUNGIYOYIN

Cikin 2011 Nijeriya ta shiga wani yunƙuri na ƙasashen duniya na inganta cimar jama'a. Daga nan ne aka sami haɗaɗɗiyar ƙungiyar nan mai suna CS-SUNN, wadda aka ƙaddamar a Abuja cikin 2014, ta tattaro ƙungiyoyi masu zaman kansu da yawa a inuwa guda. Ba ta raba hatsi, ba ta gina asibiti. Aikinta shi ne bin sawun kuɗin gwamnati: nawa aka ware wa harkar abinci mai gina jiki a kasafin shekara, nawa aka saki, nawa ya isa ɗakin shan magani na ƙauye. Tana zama da kwamishinoni da 'yan majalisa, tana horar da 'yan jarida, tana kuma cikin masu neman a ba mata ma'aikata hutun haihuwa na wata 6 don su shayar da jarirai nonon uwa zalla, kamar yadda Jihar Kaduna ta amince cikin 2019.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai aikin surutu ne kawai. Ba haka ba ne. A ƙasar nan rubuta kuɗi a takardar kasafi daban, fitar da su daga baitulmali daban. Cikin 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu; Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. In babu mai riƙe da takarda yana ƙwanƙwasa ƙofar ofis, kuɗin yaron da ke fama da tamowa ne ake fara yankewa, gama shi ba ya zanga-zanga, ba ya kuma jefa ƙuri'a.

Akwai waɗansu ƙungiyoyin da suka fi mai da hankali ga abin da ke cikin abincin kansa. Ƙungiyar CAPPA ta Ikko da abokan aikinta sun yi ta fafutuka har aka sami dokar da ta ƙayyade wani irin kitse mai toshe jijiyoyin jini, kada ya wuce giram 2 cikin kowane giram 100 na mai, dokar da aka buga a jaridar gwamnati cikin 2023. Suna kuma cikin masu goyon bayan harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo. Ƙungiyar HOMEF kuwa, ƙarƙashin Nnimmo Bassey, ta daɗe tana jan kunne a kan magungunan feshi da aka hana a Turai amma ake sayar wa manoman Afirka.

DAGA INA KUƊIN KE FITOWA?

To, a nan gizo ke saƙar. Hayar ofis a Abuja, albashin ma'aikata, kuɗin mota zuwa jihohi, gwajin abinci a ɗakin bincike, duk kuɗi ne. Ƙungiyoyin nan ba sa sayar da komai, ba sa karɓar haraji. Galibin abin da suke aiki da shi tallafi ne daga ƙetare. Babban shirin da CS-SUNN ta gudanar a jihohin Kaduna da Kano da Neja da Nasarawa da Ikko, Gidauniyar Bill da Melinda Gates ce ta ɗauki nauyinsa. Yaƙin da aka yi da mugun kitse da sukari ma da taimakon masu ba da tallafi na Amurka aka yi shi. Ita kanta gwamnati, babban shirinta na inganta cima a jihohi 12 wanda aka amince da shi cikin 2018, da Dala miliyan 232 na Bankin Duniya aka kafa shi, mafi yawansu rance.

Ba laifi ba ne karɓar taimako, kuma ya wajaba a gode wa wanda ya bayar. Amma irin wannan kuɗi yana da halaye uku da ya kamata jama'a su sani. Na farko, na wa'adi ne: shekara 2 ko 3 ko 4, daga nan sai a sake rubuta takardar roƙo. Na biyu, ɗaurarre ne: abin da aka bayar don taron bita ba a iya karkatar da shi zuwa gwajin wake, ko da kuwa gwajin waken ne ya fi gaggawa. Na uku, mai bayarwa shi ake yi wa bayani. Rahoton kowane wata uku zai tafi ƙasar waje cikin Turanci, alhali mahaucin Dei-Dei da ake cewa dominsa ake aikin bai taɓa jin sunan ƙungiyar ba.

Zanen aro ba ya rufe katara. An ga haka ƙarara cikin 2025. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje, zuwa Yuli kuma ta rufe hukumar USAID. A watan na Yuli Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai sa ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas. Likitocin ƙungiyar MSF kuma suka ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinsu na Jihar Katsina cikin wata 6 na farkon shekarar saboda tamowa. Hannun da ya miƙo, shi ke da ikon janyewa, ba ya kuwa neman izinin kowa.

Akwai wata ƙofar da ta fi wannan haɗari, watau kuɗin kamfanonin abinci. In baki ya ci, dole ido ya ji kunya. Tarihi ya nuna amfanin ƙungiyar da ba ta ci na kowa ba. Cikin 1974 wata ƙungiya ta Ingila mai suna War on Want ta tona yadda tallan madarar gwangwani ke raba jarirai da nonon uwa a ƙasashe matalauta. Cikin 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka, cikin 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idojin tallan madarar jarirai, waɗanda Nijeriya ta mayar doka cikin 1990. Da masu wannan fafutuka suna karɓar na goro daga kamfanonin madara, da maganar ba ta kai ko'ina ba.

DARASI DAGA WAJE

A birnin Washington akwai ƙungiyar CSPI, wadda Michael Jacobson da abokansa biyu masana kimiyya suka kafa cikin 1971. Dokarta ita ce ba ta karɓar kuɗin kamfani, ba ta karɓar na gwamnati. Shekaru da yawa babban abin da ya riƙe ta shi ne kuɗin da talakawan gari ke biya don a riƙa aiko musu da mujallarta, tare da gudummawar jama'a da ta gidauniyoyi. Da wannan ta shiga sahun waɗanda suka matsa har aka yi dokar 1990 da ta tilasta rubuta abin da ke cikin abinci a jikin kwalinsa. A can kuma dokar haraji ta sa irin waɗannan ƙungiyoyi bayyana kuɗin shigarsu da albashin manyansu a takardar da kowa ke iya dubawa.

A Nijeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyi masu rajista miƙa bayanin kuɗinsu ga hukumar rajistar kamfanoni. Wannan daidai ne, amma takardar da ke kwance a ofishin hukuma ba ta zama bayani ga jama'a ba.

ABIN DA YA KAMATA

Da farko, duk ƙungiyar da ke tambayar gwamna inda ya kai kuɗin yara, ya kamata ta riga shi buɗe nata littafin. Ta buga sau ɗaya a shekara, cikin jarida da rediyo, da Hausa da sauran harsunan ƙasa: ga abin da ya shigo, ga wanda ya bayar, ga abin da ya tafi albashi da otal, ga abin da ya isa ga jama'a. Mai gaskiya ba ya tsoron lissafi, kuma wannan ne zai raba na ƙwarai da 'yan ci-da-ceto.

Na biyu, a nemi kuɗin gida, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Attajirai da hukumomin zakka da waƙafi na jihohi suna iya ɗaukar nauyin gwajin abinci ko horar da ungozoma, ba sai rabon buhu da azumi kaɗai ba. Jihohi kuma su yi amfani da asusun UNICEF da ke ninka duk abin da gwamnati ta zuba don sayen haɗin gyaɗa da madara na masu tamowa, tun da har a Kano ana yin sa.

Na uku, aikin ya fito daga zauren otal ya shiga kasuwa. 'Yan kasuwar abinci suna da ƙungiyoyi masu ƙarfi. An ga haka a ƙarshen Fabrairu 2021, sa'ad da haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu, cikin 'yan kwanaki ƙasa ta girgiza. Masu irin wannan ƙarfi suna iya hana zuba fiya-fiya a wake, su hana nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin masu walda, su koya wa 'yan'uwansu amfani da buhu mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Maganar sarkin kasuwa da ta sarkin fawa ta fi takarda dubu shiga kunnen ɗan kasuwa. In kowace rumfa ta ba da ɗan abin da ya sawwaƙa a wata, ƙungiyar da ke yi musu aiki za ta zama tasu, za su kuma sami bakin tambayarta.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993, ta nuna a zamanin marigayiya Dora Akunyili cewa ana iya raba burodi da muguwar hodar kumbura shi in an sa kai. Amma hukuma ɗaya ba ta iya leƙa kowane buhu. Gobe da asuba motoci za su sake isowa Dei-Dei, uwa za ta sake taya kwando don miyar 'ya'yanta. Haƙƙinta ne a sami mai gadin akushinta, haƙƙinta ne kuma ta san wanda ke ciyar da mai gadin.