Mu Dasa Itace, Amma Mu Riƙe Takarda

'Yan'uwa manoma, kullum motoci suna shiga Kano maƙare da itace da gawayi. Ma'aikatan Bompai da Sharaɗa da Chalawa dubbai ne, kowane gida tukunya yake ɗorawa, ga masu burodi kuma. Kasuwa tana nan. Amma dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, ba gonar kowa ba ne. Sara a cikinsa laifi ne.

A ganina, ƙungiyoyinmu su ware fili su dasa darbejiya da turare domin sayarwa. Sai dai kada a haƙa rami ko ɗaya kafin a je ƙaramar hukuma, gama dokar filaye ta 1978 ita ta ba ikon ba da takardar filin karkara. A rubuta sunan ƙungiya, ba na dattijo ɗaya ba, don rigimar gado ba ta jin kunyar ikilisiya. Sa'an nan a kira malamin daji ya ga dashen tun yana ƙarami. Ranar sara a nemi izininsa.

Hukuma ma tana da nata. A Maraɗi, a 1983, Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya fara koya wa manoma renon tohon kututture. Da fari sun ja baya. Wa zai reni itacen da za a ci shi tara in ya sare? Da aka sassauta dokar, itatuwa suka komo gonaki. Muna roƙon Ma'aikatar Muhalli ta Kano ta sauƙaƙa izini ga mai sare abin da ya dasa da hannunsa.