Faifan Led Zeppelin II da haƙƙin Willie Dixon

A gidanmu na Maraɗi akwai wani tsohon kaset da yayana ya zo da shi daga Yamai lokacin yana jami'a. Rubutun jikinsa ya goge, sai da na girma na san sunansa: Led Zeppelin II, faifan da samari huɗu ƴan Ingila suka fitar a watan Oktoba na 1969. Har yau in na ji jitar Jimmy Page ta buɗe "Whole Lotta Love", tsigar jikina tashi take yi. Don haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa ni wannan rubutu.

Faifan ya cancanci sunan da ya yi. Suna cikin yawon wasa suka naɗe shi, yau a Landan, gobe a Amurka, amma in ka saurara sai ka rantse a zama ɗaya aka gama. John Bonham yana dukan ganga kamar mai sussukar gero. A Amurka har ya ture Abbey Road na Beatles daga matsayi na ɗaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sunayen da aka rubuta a ƙarƙashin waƙoƙin. Baitocin "Whole Lotta Love" da dama an kwaso su ne daga "You Need Love", wadda Willie Dixon ya rubuta, Muddy Waters ya rera a Shikago a 1962. Sunan Dixon bai fito ba ko kaɗan. Sai da dattijon ya kai ƙara a 1985, aka sasanta a wajen kotu, sannan aka sa sunansa. Shekara 16 waƙar tana kawo kuɗi kafin nan. "The Lemon Song" kuwa ɗiyar "Killing Floor" ce ta Howlin' Wolf, ita ma sai da aka yi maganar shari'a. Farko da ƙarshen "Bring It On Home" ma na Dixon ne.

Masu kare su suna cewa ai kiɗan bulus haka ya gada, kowa aro yake yi wurin na gaba da shi. Gaskiya ne, mu ma yaron makaɗi da karin maigidansa yake fara waƙa. Amma aron da ake yi a dandali daban, wanda za ka kai ofis ka rubuta sunanka a kai, kuɗin kowane faifai ya riƙa shiga aljihunka, shi ma daban.

Kuma ba rashin sani ba ne, nan ne hujjar ke rushewa. A faifansu na farko, a Janairun wannan shekara ta 1969, sun rera "You Shook Me" da "I Can't Quit You Baby", sun kuma rubuta sunan Dixon ɓaro-ɓaro. Cream ma sun yi haka da "Spoonful" tun 1966. Wata tara kacal tsakanin faifan farko da na biyu, ƙaƙa aka manta hanya?

Kaset ɗin ya daɗe da tsinkewa, yanzu a salula nake jin faifan. Kwanan baya ɗana ya tambaye ni wace waƙa ce wannan. Sai na tsayar da ita, na nemo ta Muddy Waters na sa mishi tukuna. Ya ce ta tsohon ta fi sanyi, ta samarin ta fi ƙara, shi dai ta samarin yake so.