Dokar Karayar Arziki: An Yi Ƙofa, An Ɓoye Makulli

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka kowace ƙasa takan tanadi hanyar da wanda ya karye zai miƙa abin da ya rage masa, a raba wa masu binsa, sannan a sallame shi ya sake neman na kansa. Nijeriya ma tana da irin wannan doka tun 1979, lokacin mulkin soja, an kuma yi mata gyara a 1992. Amma wa aka yi wa ita?

Mu dubi sharuɗɗanta. Mai bin bashi yana iya shigar da ƙara in kuɗin ya kai naira 2,000, kuɗin da yau ba ya sayen kwanon shinkafa. Wannan kaɗai ya nuna yadda aka bar ta ta yi ƙura. Wanda ya karye kuma dole ya rubuta bayanin dukiyarsa da basussukansa bisa rantsuwa. In bai nemi sallama da wuri kotu ta yarda ba, sai ya jira shekara 5 daga ranar da kotu ta ba da umarnin riƙe dukiyarsa. Kafin nan, Tsarin Mulkin 1999 ya hana shi tsayawa takarar majalisa ko ta gwamna. A Ingila, inda muka kwafo tsarin, tun 2004 aka mai da wa'adin shekara 1.

Sa'an nan babu mai sauraron wannan shari'a sai Babbar Kotun Tarayya. Ɗan kasuwar Isa ko manomin Sabon Birni sai ya tafi birnin Sakkwato, ya ɗauki lauya, ya cika takardu da Turanci. Mutumin da 'yan bindiga suka kore wa shanu, suka hana shi gona, ya sayar da rumbu ya biya kuɗin fansa, da me zai biya lauya? Ba almubazzaranci ne ya karya shi ba, gazawar hukuma ce wajen tsare ransa da dukiyarsa. Abin da yake samu maimakon sallama shi ne sammacin 'yan sanda, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar ciniki kawai.

Wani zai ce sauƙaƙa sallama zai koya wa mutane cin bashi da gangan. To, a hukunta mayaudari, amma kada a haɗa shi da mai gaskiya. Fiƙihun Malikiyya da Gobirawa suka sani ya daɗe da bambanta mai taurin bashi da wanda babu ta tabbata a kansa: na farko a matsa masa, na biyu a jinkirta masa.

A 2020 an sabunta dokar kamfanoni, aka buɗe wa kamfanin da ya durƙushe hanyoyin farfaɗowa. Ashe kamfani ya fi ɗan Adam daraja? Muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya, domin su kaɗai ke da ikon wannan gyara: a rage wa'adin, a sauƙaƙa takardun, a fassara su da Hausa, a kawo sauraron ƙananan basussuka kusa da jama'a. Ku kuma masu cin bashin banki a kan albashi, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.