Fenti Ba Ya Riƙe Rufi

 Sharhinmu na yau ya shafi tsofaffin gidajen shaƙatawa da zaurukan taro, da kuma tambayar da ba a cika yi ba: yaushe rabon da masani ya duba lafiyar ginin?

A ranar 8 ga Afrilun 2025, cikin dare, rufin gidan rawa na Jet Set da ke Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominika, ya rufta kan jama'a ana tsakiyar wasa. Mutum fiye da 200 suka rasu. Ginin tsohuwar silima ce da aka mayar gidan rawa, aka jibga wa rufinsa manyan na'urorin sanyaya ɗaki, ruwa kuma ya daɗe yana yoyo ta silin. Ginin ya yi ta nuna alamun gajiya, amma aka ci gaba da tara mutane a ƙarƙashinsa.

Mu ma nan gida muna da irin waɗannan gine-gine. A Kano da Kaduna da Zariya da Jos akwai kulob-kulob tun na zamanin Turawan mulkin mallaka, ga kuma zauruka na ƙungiyoyi da ma'aikatu. An gina da yawansu ne don mutane ƙalilan, yau kuwa ana haya da su don biki da walima, a cika su maƙil har da ƙananan yara.

Duba lafiyar gini aiki ne na injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya. Shi zai hau sama ya ga ko gara ta cinye katakon rufi. Zai bi tabon ruwan da ke jikin silin har inda yoyon ya faro, domin idan danshi ya kai ga rodin da ke cikin kankare, tsatsa kan sa rodin ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. Zai lissafa nauyin da aka ƙara wa ginin daga baya: tankin ruwa mai lita 1,000 kaɗai, idan ya cika, nauyinsa ya kai kilo 1,000. Sannan a duba tsofaffin wayoyin lantarkin da aka ɗora wa firij da na'urar sanyi, da tukwanen kashe gobara da wa'adinsu ya wuce, da ƙofar baya da aka garƙame da kwaɗo aka tara kujeru a bakinta.

Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, jihohi kuma suna da hukumomin tsara birane da na kashe gobara. Abin da ya rage shi ne a aiwatar. Hukumomi su wajabta binciken duk zauren taro lokaci-lokaci, a kafa takardar shaida a bakin ƙofa, ɗauke da ranar binciken da adadin mutanen da wurin zai iya ɗauka.

Shugabannin kulob kuma su ji tsoron Allah, su daina rufe tsaga da fenti. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kai kuma mai shirin aurar da 'ya, kafin ka biya kuɗin haya, ɗaga kai ka dubi silin, ka nemi a buɗe maka ƙofar baya. Rayukan waɗanda ka gayyata amana ce a wuyanka.

Sai mun haɗu a sharhi na gaba. Allah ya tsare mu baki ɗaya.