Mai Gadin Gari Da Dare: Ladansa Da Iyakarsa

Wannan mako mun jingine bayanin zakkar kayan ciniki da muka faro, saboda wata tambaya da ta iso mana har sau biyu, ɗaya daga wani ma'aikacin ƙaramar hukuma a Boɗinga, ɗaya kuma daga wani ɗan tireda a Shagari. Dukansu biyu an neme su da su shiga cikin masu sintirin gari da dare, aikin sa-kai, ba albashi. Suna so su san ko akwai lada a ciki, da kuma matsayin mutum in an kashe shi a bakin aikin, ko kuwa shi ya kashe wani.

Ba abin mamaki ba ne tambayar ta fito daga wannan yanki. Ta'adin 'yan bindiga da a da muke jin labarinsa daga gabas, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, ya gangaro kudu har ya taɓa ƙasar Tureta da Shagari da Kebbe. Wanda ke bin hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal ya san yadda hirar cikin mota ta sake. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

To, game da lada babu jayayya. Tsaron rayukan jama'a da dukiyarsu da mutuncinsu farilla ce ta kifaya, watau in waɗansu sun tsaya sun ɗauke wa saura, in kuwa kowa ya kwanta laifin ya hau kan duk mai iko. Ayar ƙarshe ta Suratu Ali Imrana ta yi umurni da ribaɗi, watau zaman daƙo a bakin iyaka. Tirmizi ya ruwaito cewa idon da ya kwana yana gadi saboda Allah yana cikin idanu biyu da wuta ba za ta shafa ba. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da kansa ya ɗauko makami ya je gadin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani dare a Madina, ba wanda ya aike shi, Annabi kuwa ya yi masa addu'a. Mai Risala ya bayyana cewa falalar ribaɗi tana ƙaruwa gwargwadon yawan tsoron da mutanen wurin ke ciki. Wanda kuma aka kashe yana kāre dukiyarsa ko iyalinsa, hadisi ingantacce ya ba shi sunan shahidi.

Mutanen Boɗinga kuwa ba su bukatar a kai su nesa neman misali. A Sifawa, nan cikin ƙasarsu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya ƙaura zuwa Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kanta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garuruwan ribaɗi, a ɗaya daga cikinsu ma, watau Wurno, Allah ya yi masa rasuwa a 1837. Amma fa a lura, mutanen ribaɗin nan suna da shugaba, suna da alkali, suna da malami mai karantar da su. Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami ne don mai iko ya san inda ikonsa ya tsaya.

A nan ne muke so mu daɗe, domin nan ne ƙafa take zamewa. Gadi daban, hukunci daban. Mai gadi aikinsa ya farka, ya gani, ya faɗakar, ya tunkuɗe wanda ya kawo hari, ya kama ya miƙa. Yanke hukunci da zartar da shi na hukuma ne, babu saɓani a kan wannan tsakanin malamanmu. Ko wanda ya afko maka ma, malaman mazhabar Malik sun ce in da hali a fara yi masa gargaɗi, sa'an nan a tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai hana shi. Balle mutumin da aka tsinta a kasuwa yana cinikinsa, aka ce ai ga irinsu nan.

Mun ga abin da wannan ya haifar. A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a ƙasar Gwadabawa suka kashe Fulani fiye da goma, har da limami a cikinsu. Ba a yi makonni biyu ba, ran 17 ga watan, 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka halaka, akasarinsu masu saye da sayarwa da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kafin shekarar ta ƙare Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya haramta ƙungiyar 'yan sa-kai a jihar. Ba mu faɗi wannan don mu wanke ɗan fashi ba, Allah ya kiyaye. Hukuncinsa yana cikin Suratul Ma'ida, mai tsanani ne ƙwarai. Mun faɗa ne don ɗan kasuwa ya san cewa jinin da aka zubar ba bisa haƙƙi ba a wata kasuwa, sau da yawa a tasa rumfar ake zuwa biyansa.

Sahabbai ma an yi musu wannan horo. Bayan buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, Halidu ɗan Walidu ya kashe waɗansu mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimtar maganarsu. Annabi ya ɗaga hannuwansa ya barranta ga Allah daga abin da Halidu ya yi, sa'an nan ya aiki Sayyidina Aliyu da dukiya ya biya diyyar mamatan da asarar kayansu, har da ƙwaryar da kare ke sha a ciki, in ji masu tarihi. Wannan fa Halidu ne, Takobin Allah. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umaru ya kashe jama'a saboda mutum guda da suka haɗu suka kashe. Saboda haka kada wani ya ruɗi kansa da cewa ai mu da yawa muka buga, ba a san sandar wa ta ƙarasa shi ba. Kisan kuskure ma yana da diyya, raƙumi 100 ko dinari 1,000, da azumin wata biyu a jere. Wace ƙungiyar sintiri ce take da wannan a asusunta?

Saboda haka amsarmu ga 'yan'uwan nan biyu ita ce su shiga, amma ta ƙofar da hukuma ta sani. Ƙofofin kuwa akwai su. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi 'yan sandan sa-kai, waɗanda Kanawa ke kira 'yan sandan sarauniya, tsarin da muka gada daga Ingila, inda mutum yake riƙe da sana'arsa yana ba da waɗansu sa'o'i. A watan Maris na 2024 kuma Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar da askarawan tsaron al'umma na Jihar Sakkwato, mutum fiye da 2,000, bayan Katsina ta yi nata a Oktoban 2023, Zamfara kuma a Janairun 2024. Inda waɗannan ba su kai ba, akwai 'yan sintirin unguwa da hakimi da baturen 'yan sanda suka san da zamansu, aka rubuta sunayensu. Dattawanmu sun tuna zamanin dogarai da 'yan doka na En'e, kafin a narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya bayan zuwan mulkin soja a 1966. Suna da nasu aibin, ba mu manta da dorina ba, amma kowane ɗan doka an san gidan ubansa, an kuma san wanda za a kai wa ƙararsa.

Ga ma'aikacin Boɗinga muna ƙara cewa sa'o'in ofis an riga an saye su da albashi. In zai kwana sintiri ya wuni yana gyangyaɗi a kan fayil ɗin talakawa, to ya yi nafila ya bar farilla. Ya nemi izinin shugabansa, ya zaɓi dararen da ba aiki washegari. Mai ilmi irinsa ma wataƙila alƙalaminsa ya fi gorarsa amfani: ya riƙe littafin da za a rubuta wanda aka kama, da ƙarfe nawa, da wanda aka miƙa wa.

Ɗan tiredan Shagari kuwa ya ce ƙarfinsa ya soma ja baya. To, wanda ya shirya mai fita yana da irin ladansa. Fitila da batir, man babur, shayin dare, kuɗin asibitin wanda ya ji rauni, duk suna jiran mai hali. Sai dai a bayar da daɗin rai, a rubuta, a karanta a gaban jama'a. Igiyar da ake gittawa a hanya ana karɓar kuɗi daga direbobi da sunan tsaro ba taimako ba ce, cin dukiyar mutane ne. Sa'an nan 'yan kasuwa su dubi kansu: saniyar da aka kawo da asuba a rabin kuɗinta, da buhun shinkafa da jarkar mai da baƙo ke saye ba ya neman ragi, kowa ya san inda suka fito da inda za su. Da ɗan gari akan ci gari.

Abu guda da ya fi damunmu shi ne marayu. A garuruwa da dama ɗan sintiri yakan faɗi a bakin aiki, a yi jana'iza da kabbara, a watse, bayan sadakar bakwai ba mai sāke leƙa gidan. Muna roƙon limaman Boɗinga da Shagari da shugabannin kasuwanninsu su buɗe asusun waɗannan iyalai tun kafin a tura kowa bakin daji, a kuma sa matalautansu cikin jerin masu karɓar zakkar bana. Yadda ake lissafin wannan zakka a kan kayan shago kuwa, shi ne za mu koma kansa mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.