Hoto Ya Tsaya Cak, Murya Ta Ɓace

Masu ɗaukar bidiyon bukukuwa a zangon Parakou da na Djougou sun shiga wata gasa: kowa na taƙama da kyamararsa mai musayar gilashi, wai hotonta ba ya rawa. Wannan taƙama ruɗi ce, kuma asararta a kan tarihinmu take faɗawa.

Ba a musun cewa fasahar ta ci gaba. Tun da Olympus ya fitar da E-M5 a 2012, Sony ya biyo da A7 II a 2014, farantin da ke karɓar haske yakan motsa ta fuskoki biyar domin ya danne karkarwar hannu. To, amma karkarwar hannu kaɗai yake magancewa. Idan mahaya suka yi sukuwa ranar Gani a Djougou, doki zai fito dishi-dishi matuƙar ba a ƙara saurin ƙiftawar kyamara ba. Daidaitawar da manhaja ke yi kuwa, gefen hoto take datsewa.

Abin takaici, mutum zai ƙarar da jarinsa a kan gilashi ya manta da makirufo. Sai hoto ya fito sumul, amma kirarin maroƙa da jawabin dattawa sun nutse cikin iska da ƙarar babura. Djougou tsohon zango ne a hanyar fataken goro tsakanin Kano da Gwanja. Ɗalibin da zai nazarci Hausar wannan yanki gobe, me zai saurara?

Ba girin-girin ba, ta yi mai. A sayi makirufo kafin gilashi.